Kadada Ɗaya Ta Koma Tara

Lokacin da nake kula da kwamfutar da ke riƙe da rajistar manoman ƙungiyarmu a Ikara, na nemi a sayo mata memori mai gyara kuskurensa da kansa. Shugaba ya ce, "Malam, inji ba ya mantuwa." Aka sayo memori na gama-gari, wanda ba ya gyara kuskure.

Ranar rabon taki, gonar wani dattijo daga ƙauyen Janfalan ta tashi daga kadada ɗaya ta koma tara a rajista. Babu wanda ya taɓa. A cikin memorin lambar ta juye. Ni aka zuba wa ido.

Raina ya ɓaci. Na ce wa Shugaba, "Ranka ya daɗe, mahaifina mahaddaci ne, amma bai taɓa jan tarawihi babu mai gyara a bayansa ba."