Sunan Inna Ya Ƙi Buɗe Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa ɗinka babbar riga a Garwa ya san Hamadu mai surfani, kuma ya san halinsa. Hannu dai Allah ya ba shi, amma zargi gare shi kamar me. In ka tsaya kallon aikinsa ya wuce minti biyu, sai ya kife rigar, wai zane kake sata da ido.

Zanen na mahaifinsu ne, Malam Sulaimanu, wanda kakansa ya zo daga Kano da allura. Tsohon ya mutu ya bar wa 'ya'yansa biyu, Hamadu da ƙaninsa Lukmanu, zane sama da sittin a kan takardun buhun siminti, aska tara da aska biyu da wasu da babu mai su sai gidan. Da ido ya fara gaza wa Hamadu, sai ya sayi tsohon injin surfani, irin mai karɓar zane daga kwamfuta, ya kuma sayo laftof a Yola. Aka haɗa su, suka ƙi juna. Manhajar injin ta tsufa, ba ta san sabon sistem ba.

Lukmanu ne ya yi boko, shi ya raba gardama. Ya samo faifan tsohon sistem na Faransanci, ya raba cikin kwamfutar gida biyu, ya ce, "Yaya, in ka kunna za ta tambaye ka ɗakin da za ka shiga. Na sama na yau da kullum, na ƙasa na injin." Wata huɗu ya yi yana kwafe zanen Baba ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin ƙasa. An ci sa'a kuwa, don daminar 2016 ruwa ya shiga shago ya mai da takardun kunu. Kullum Lukmanu ke kunnawa, Hamadu sai dai ya ɗaura yadi.

Sai aiki ya kira Lukmanu Ngawundere, wurin masu lodin jirgin ƙasa. Ranar tafiya ya ce, "Kalmar sirrin sunan Inna ce, ƙananan baƙaƙe."

Washegari Hamadu ya zauna, ya zaɓi ɗakin ƙasa, ya bi harufan da yatsa ɗaya yana dubawa. Ɗigo bakwai suka jeru, ƙofa ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya yi sau ashirin, riguna uku na jiransa. Ya kira ƙanin.

"Wallahi Yaya sunan Inna ne. Ka duba ko ka danne..."

"Ni za ka koya wa sunan uwata? Ka kulle gadon Baba ka tafi da mabuɗin, ka buɗe naka shagon a can. Na daɗe da ganin take-takenka."

Ya kashe wayar. Lukmanu ya kira ya fi sau goma, bai ɗauka ba. Ya aiko saƙo cewa zai zo ƙarshen wata ya duba, Hamadu ya goge. Kuma girman kai da tsoron ɓarayin zane suka hana shi kai kwamfutar wurin mai gyara. Ya koma allura da gilashi, yana tsira wa kansa a yatsa, yana faɗa wa duk mai sauraro cewa ɗan'uwa ya ci amanarsa. Kaico, har a gaban matar Lukmanu ya faɗa.

Ƙarshen watan Lukmanu ya hau mota zuwa Garwa. A gangaren dutsen nan na bayan Ngawundere birkin wata babbar mota ya tsinke, ta afka wa motarsu. Hamadu ya yi masa wanka, ya sa shi a kabari, ya karɓi gaisuwa. Ya yi kuka, ba a ce bai yi ba. Amma ko a zaman makoki zuciyarsa na raya masa cewa yaron ya tafi da mabuɗin.

Bayan arba'in, Madam Pauline, mai buga wa mutane takardu a shagon da ke jikin nasa, ta leƙo gaisuwa ta tarar da shi gaban kwamfutar yana danne-danne. Ta tsaya bayansa. Ya kai hannu zai rufe, sai gajiya ta hana.

"Malam Hamadu, wannan sistem ɗin na Faransanci ne?"

"Haka marigayi ya ce."

"Kwamfutar kuwa daga Nijeriya. Mece ce kalmar?"

Bai taɓa kiran sunan mahaifiyarsa da baki ba, don haka ya rubuta a bayan kwalin zare: mairamu. Pauline ta ja kujera, ta ɗora yatsu goma, idonta na kan bango. Ya lura inda ya saba danna A, ita Q ta danna. Maimakon M kuma ta taɓa maɓallin da ke gefen L. Allon ya yi haske, fayiloli suka jeru.

Ta ce, "Mu da muka koyi bugu a makarantun ƙasar nan, ba ma kallon maɓalli. Na Faransanci A da M ba nan suke zaune ba. Abin da aka rubuta a jikin maɓallin na Ingilishi ne, sistem ɗin kuwa da Faransanci yake ji. Ƙaninka sunan ya buga daidai. Kai ne kake buga wani abu dabam."

Zanen sittin da uku suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Kowanne Lukmanu ya sa masa suna yadda Baba yake kiransa. Babban fayil ɗin da ya tattara su kuwa ya rubuta masa "Na Yaya".

Hamadu ya ce, "Ashe hanya ya hau don ya nuna mini wannan."

Pauline ta miƙe. Ta ɗauki almakashi ta yanko 'yan takardu biyu, ta rubuta A da M, ta manna a kan maɓallan da suka dace, ta koma shagonta.

Har yau takardun na nan, sun yi baƙi. Injin na aiki, riguna na fita. Kowace safiya Hamadu yakan zaɓi ɗakin ƙasa, ya buga sunan Inna da yatsa ɗaya, ta buɗe a bugun farko. Lambar Lukmanu na cikin wayarsa, da kira goma sha ɗaya da bai ɗauka ba.