Shanyar Anti Zuwaira

Ranar Asabar ce. Da safe na dama wa Anti Zuwaira sitaci, na tace shi da tsohon ɗankwali. Ƙanwar Mama ce. Kitso take yi a shago, ranar hutu kuma tana haɗa hotuna a kan kwali: fuskokin baƙaƙen mata daga mujallu, ƙyallen atamfa, ragowar gashin kitso. Ba ta yarda da gam ɗin kanti ba. Sitaci kuwa sai an shanya. Ta jera kwalayen a ƙofar gida suna kallon titi, yadda ake shanya a Damagaram. A nan Pleasant Garden, unguwar fararen fata, ba a shanya a gaban gida. Ba wanda ya gaya mana.

A babban kwalin akwai wani saurayi baƙar fata. A littafin laburare ta samo hotonsa, an rataye shi a bishiya, fararen fata na murmushi a ƙarƙashinsa. Anti ta yanke igiyar. Ta yanke masu murmushin. Ta tsayar da shi, ta sa masa rigar shadda. A gefensa ta manna Kaka, hotonta ɗaya tak da muka zo da shi.

"Yanzu ya samu uwa," in ji ta.

Bayan La'asar wata a-kori-kura ja ta tsaya. Baba yana wajen aiki a Wendover. Maza uku fararen fata suka sauko, ɗaya da hula, suka tsaya a kan kwalayen. Mama ta leƙa ta taga.

"Hadiza, baƙi ne. Kai musu ruwa."

Na ɗauki tire. Na kai musu. Mai hular ya dubi ruwan, ya dubi mayafina. Ya buge tiren da bayan hannu. Ya fizge mayafin, ya goge takalminsa da shi.

Na biyun ya sa wuƙa a fuskokin, ɗaya bayan ɗaya, yana dariya. Sitacin bai bushe ba, fuskokin suna zamewa. Na ukun ya ɗauko igiya a mota. Ya huda babban kwalin daidai wuyan saurayin, ya rataye shi a bishiyarmu.

Anti ta fito ba takalmi. Ta kama gefen kwalin tana ja. Mai hular ya ɗauko ƙarfen taya, ya sauke mata a hannu. Ƙarar kamar an karya busasshen kara. Sai warin fetur.

"Ku gudu! Ta baya!" Muryar Mama ce.

Muka tsallake wayar shinge, muka shiga kurmi. Mama ta ɗaure hannun Anti da ɗankwalinta. Ƙaya ta yaga min safa. A bayanmu gilasai suna fashewa. Mun yi Magariba a cikin wani kwari, a zaune, da taimama. Daga gidan mai Mama ta kira Baba. A unguwar Glenwood muka kwana, a falon wata Hajiya 'yar Kumasi. Ba mu sake komawa gidan ba.

'Yan sanda sun tambaye ni lambar motar. Ban gani ba. Igiyar takalmin mai hular na gani, ruwan ɗorawa ce.

Yatsun Anti biyu ba sa lanƙwasuwa. Ta bar kitso. Almakashinta yana wurina, ni nake yanka mata.

Da Hajiya ta buɗe hannun Anti a wannan daren, ta sami abin da ta yago. Ƙyallen shadda ne, da kunnen Kaka na hagu da ɗankunnensa. Saurayin ya tafi duka. Ba mu taɓa sanin sunansa ba.