Babur Mai Ɗaukar Buhu Biyu

Cindo tela ne a Sule Tankarkar, mutum marar yawan magana, carbinsa kullum rataye a jikin keken ɗinki. Matarsa ta fari a kan amalanke ta cika, tana naƙuda, shanu na jan ta cikin rairayi ba su kai asibitin Gumel ba. Allah Ya jiƙanta. Bai taɓa ba kowa labarin tafiyar nan ba, sai dai in amalanke ta wuce ƙofar zaure, ƙafarsa kan tsaya a kan keke.

Bayan an ba mu Jigawa da 'yan shekaru ya auri Murja. Da cikinta ya tsufa, ran wata Alhamis ya tafi kasuwar Maigatari neman babur na hannu, ɗan Kwatano.

Ɗantala dillali ya tsayar masa da biyu. Ɗaya ja, tankinsa ya yi tozo, kujerarsa gajeriya ta ɗage ta baya, mai hawa sai ya duƙa kamar zai sha ruwa a tafki. Ɗayan baƙi, fenti ya koɗe, kujera doguwa, an ɗinke gefenta da zaren buhu.

"Malam Cindo, jan nan kafin ka gama bisimilla ka isa Gumel. Baƙin kuwa na tsofaffi ne."

Gaskiya jan ya shiga ransa, don gudu ya zo nema. Ya ɗana shi a kwalta, har hularsa ta faɗi. Da ya dawo sai ya aro buhun gero biyu wurin masu awo.

"A kawo igiya?" in ji Ɗantala.

"A'a. Ba a ɗaure mutum."

'Yan kasuwa suka tuntsire. Wani ya ce, "Tela, gero za ka kai shan iska?"

Jan ya ƙi buhu biyu. Ɗayan da ya karɓa ma, ana sauka daga kwalta ya watso shi. Baƙin ya ɗauki duka biyun, ya ratsa rairayi yana gurnani, ya dawo da su zaune daram. Cindo ya tsuguna ya duba ƙarfen jikinsa ko an taɓa yi masa walda, ya kai hannu daidai salansa, inda ƙafar mace za ta sauka.

"Buhun gaba iyalina ce," in ji shi. "Na baya Gwaggo Kande, mai riƙe ta."

Dariya ta ɗauke. Cindo ya sayi baƙin, Ɗantala ya duƙa ya sa masa sabon filogi.

Ranar haihuwa ta zo, naƙuda ta tashi da hantsi. Murja a tsakiya, Kande ta rungume ta ta baya.

"Kai Cindo, a hankali!"

"A hankali nake, Gwaggo."

"Malam," in ji Murja tana cije leɓe, "jaki fa ya wuce mu."

Suka isa asibitin Gumel. Bai shiga ba, ya zauna gindin darbejiya ya kifa goshi a kan kujerar baburin, har Kande ta fito ta ce mace ce, uwa da 'ya lafiya. Ya ce alhamdulillahi.

Bai taɓa zama mai son hawa ba. Babur na zaure an lulluɓe shi da tsohon zani, tanki cike ko da ana wahalar mai. Mu matan unguwa mun san inda ake aikawa in ciwo ya tashi: "A ce wa Cindo ya fito da mai buhu biyu."