Wayar da Baffa Sha'aibu Ya Yi Ta Kashewa

Baffa Sha'aibu tela ne a Ɗanzomo, maƙwabcinmu katanga ɗaya. Mutum ne mai tsoro, wallahi ko allurar asibiti ya gani sai ya kau da kai, shi da ke wuni da allura a hannu! Allah bai ba shi haihuwa ba. Zinariya, 'yar ƙanensa marigayi, ita ya riƙa tun tana rarrafe, da kekensa na ɗinki ya kai ta har jami'a.

Shekarar korona aka rufe makarantu, ta dawo gida da ɗan tari. Shi ke nan Baffa ya daina barci. Ana ta raɗe-raɗin cewa duk wanda ya dawo daga birni yana tari, mota za ta zo ta tafi da shi, a killace shi, in ya mutu ko gawarsa ba za a ba ka ba. Ya hana ta ko leƙa zaure.

Wayarta ta lalace, lambar Baffa ta bayar a makaranta. Ran nan ina shagonsa aka kira. Muryar mace, Hausarta ta ma'aikata: "Ina neman Naja'atu, wadda ake kira Zinariya, ɗalibar da ta dawo gida."

Ya ce, "Ba mu san ta ba a gidan nan." Ya kashe.

Na ce, "Haba Baffa, ka tambayi ko wace ce mana!"

Ya ce, "Ke dai yi shiru, su ne."

Matar ta yi ta kira, shi kuma yana kashewa, ƙarshe ya cusa wayar cikin buhun ƙyallaye.

Ashe Malama Magdalena ce, mai ba ɗaliban ajinsu shawara. Akwai darasi ɗaya da Zinariya ba ta yi rajistarsa ba, ana shirin rufewa, in aka rufe sai ta maimaita shekara. Da aka koma makaranta Zinariya ta ji komai. An riga an rufe.

Tarin kuwa mura ce, tuni ta warke.

Da ta zo hutu, a gabana ta durƙusa ta gaishe shi. Ba ta yi maganar shekarar ba. Cewa ta yi, "Baffa, da bakinka ka ce ba ka san ni ba?"

Ƙafarsa na kan keke, amma ya kasa takawa.