Idon Umma

Ni dai tun ina ƙarami ban iya zama wuri ɗaya ba. Ina ƙaramar sakandare na ajiye biro, na ce boko ba hanyata ba ce. Baba ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya kai ni garejin wani amininsa a Kurmin Mashi in koyi gyaran babur. To amma da an tashi aiki, ƙafata ba ta san hanyar gida ba, sai majalisarmu ta samari da ke bayan wani kango a Rafin Guza.

A wannan lokacin ne idon Umma ya fara ciwo. Ina yin sallama kafin magariba za ta ce, "Kai ɗan gareji, zo nan, wani abu ya faɗa min a ido. Hura min."

Sai in durƙusa, in buɗe idon da yatsu biyu, in matso da baki in hura da ƙarfi. Ta ƙifta, ta ƙura min ido, ta ce, "Yauwa, ya fita. Allah ya yi albarka. Ga tuwonka can."

Yau toka ce, gobe ƙaiƙayi, jibi wai ƙwaro. Na ce, "Umma, mu je asibitin ido mana." Baba yana alwala ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Bar ta, likitanta yana cikin gida."

Yayata ce ta fasa ƙwan. Ta ce, "Kai wallahi sakarai ne. Bakinka take shinshinawa, tana duba ko idonka ya yi ja."

Na je wajen Umma ina huci. Ko musu ba ta yi ba, tana ta tankaɗen garinta. Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Na san abin da ake sha a bayan kangon nan, maganin tari ne da ƙwaya. Ba zan ɗaure ka ba, don ko akuya ta fi ka ɗauruwa. Amma ranar da aka miƙo maka, kada ka tsaya wa'azi, za su yi maka dariya. Ni za ka ɗora wa laifi. Ka ce uwarka jarababbiya ce, hancinta ya fi na kyanwa."

Ranar kuwa ta zo. Abokina ɗan maƙwabtanmu, wanda muka tashi tare tun muna wasan taya, shi ya miƙo min robar lemo da aka zuba wa maganin. Kowa ya zuba min ido. Wallahi raina ya so, ba don komai ba sai don kada a ce ni yaro ne. Robar tana hannuna, sanyinta har yanzu ina tuna shi.

Na ce, "Ku ba ku san tsohuwata ba. Ina shiga gida sai na hura mata ido."

Na kwaikwayi yadda take ƙiftawa. Majalisa ta kece da dariya, wani har da faɗowa daga kan bulo. Nan take suka laƙaba min Likitan Ido. Cikin dariyar nan na miƙa robar gaba, ba wanda ya sake matsa min.

Sai abokina ya ce shi zai nuna min hancin Umma ba komai ba ne. Bayan ya sha maganinsa, ya sayi kanumfari ya tauna, ya biyo ni gida yana taku ɗai-ɗai.

Umma ta dube mu ta ce, "Ikon Allah, yau duka biyun ne. Ɗan gareji, hura na dama. Kai ɗana, zo ka hura na hagu."

Ya durƙusa ya hura. Ta ƙifta, sannan ta ce, "Kanumfari? Haƙori ke ciwo, ko amarya za a kawo maka?"

Na ɗauka za ta tara masa unguwa, amma tabarma ta shimfiɗa, ta zubo masa dambu da mai da yaji. Ta ce, "Tare muka yi goyonku da uwarka. Ci ka ƙoshi. Gobe ka dawo, idon nan yanzu baki biyu yake so."

Ya dawo kuwa, don dambun Umma ba a yi masa fushi. Ba a rana ɗaya ya daina shan maganin ba. Akwai ranakun da zai ɓace, Umma ta aike ni da kwano in nemo shi. Da kanta ta raka shi ya gaya wa uwarsa, Baba kuma ya kai shi wajen likita, sannan ya roƙa masa wuri a garejinmu. Yamma ta koma daga gareji sai tsakar gidanmu, muna ci muna musun ƙwallo.

Yanzu keke napep yake ja, daga Kinkinau zuwa kasuwa. In ya biyo layinmu sai ya danna hon, ya leƙo da kai ya ce, "Umma, ya idon?"

Ita kuma daga cikin gida ta ce, "Da sauƙi, ɗan nema. Amma sauko ka hura."