Kalmar da Baffa Ya Tafi da Ita

Ko yau aka narka man shanu kusa da ni sai na tashi na bar wurin. Da shi ake yi wa Baffa tausa a daminar da aka kawo shi gidanmu a Wudil, ɓarin jikinsa na dama a shanye.

Baffa yayan mahaifina ne, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, can ƙetaren teku, ya dawo ya koma gonarsa a Lajawa kusa da kakarmu. Mutum ne mai baki. In ya zo kasuwar Juma'a sai ya tara mu a zaure ya yi ta labarin jirgin ruwa har cikinmu ya ƙulle don dariya. To ciwon nan ya kwashe maganar kakaf, Hausar ma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, ita ma ta bariki: bilaiti.

Ya faɗa da safe, ya faɗa da yamma, yana kallon mutum ido cikin ido. A kawo fura ya kau da kai. A kawo goro, a kawo taba, har lambarsa ta yaƙi an ɗauko an sa masa a hannu, ya sake ta ta faɗi.

Ni kuwa ina elementare, wai ni ne Baturen gidan. Turancin nawa fa bai wuce sunan tebur da kujera ba. Baba ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, me Baffanka yake so?" Na durƙusa na kasa kunne, Baffa ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya ya maimaita a hankali, kamar mai koya wa yaro Fatiha. Wallahi na ji sarai. Ban dai san komai ba.

Na kai wa malaminmu. Ya buɗe ɗan ƙamusinsa ya duba sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, wannan ba Turancin makaranta ba ne." Ma'aikacin asibitin da ke zuwa yi masa allura ya ce ciwon ne kawai, ba magana ba ce. A gaban Baffa ya faɗa. Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne, don yana gane duk abin da ake cewa.

Kullum na dawo makaranta idonsa na kan ƙofa, yana jira ko na samo. Har na fara laɓewa a zaure don kunya. Kogi ya cika ya janye, aka fara yankan gero, muryarsa ta koma raɗa. Ranar wata Laraba ya cika, aka binne shi a Wudil. Kakarmu ba ta iya tafiya, sai saƙo aka kai mata.

Sai da na girma, ina kwalejin horon malamai, na ci karo da ita a wani ƙaton ƙamus, an rubuta blighty. Kalmar sojan Ingila ce, da ita suke kiran gida in kewa ta kama su a bakin daga. A Indiya suka tsince ta, Indiyawa kuma daga wilaya ta Larabci, wato ƙasa ko yanki, wadda ko malamin da ke zuwa gidanmu yana yi wa Baffa rubutun sha ya sani tun yana yaro. Na rufe littafin na fita waje na zauna a ƙasa.

Yanzu jikokina sai su latsa waya, kafin ka ajiye numfashi ma'ana ta fito har da asalinta. Ina kallonsu sai in tuna Baffa, ashe gida yake so a mai da shi. Lajawa fa ba Bama ba ce. A lokacin muna da jaki a gidanmu na Wudil, a ɗaure, duk daminar yana cin harawa.