Fitilar Pak Tumiran a Wurin Sujada

Da an idar da sallar asuba a Watugeni, tun hazo bai ɗaga daga gonakin dankali ba, za ka ga Pak Tumiran, kamar a ce Malam Tumiran, ya ƙudundune cikin mayafi ya kama hanyar rijiyoyin tururi. A ƙugunsa akwai 'yar na'urar da tashar lantarki ta ba shi, mai tsala ihu idan iska ta ɓaci. A hannunsa kuwa doguwar sanda ce, da fitilar aci-balbal ɗaure can ƙasa, daidai ƙwauri. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, har wannan wata da ya ajiye aiki.

Mu mutanen tsaunukan Java mun san halin dutsenmu mai aman wuta. Shi ke tafasa ruwan ƙarƙashin ƙasa, tururin ya biyo bututai ya juya injuna, birane su kwana cikin haske. Shi ne kuma, tun zamanin kakanni, yake sako wata iska marar launi marar wari. Nauyi gare ta, ba ta tashi sama, sai ta kwanta a kwari kamar ruwa a kwano. Wanda ke tsaye yana iya wucewa lafiya lau, wanda ya sunkuya shi ne ba ya tashi.

Duba bututai aka ɗauki Pak Tumiran ya yi, babu wanda ya ce ya shiga gonar kowa. Amma kullum in ya gama sai ya gangara kwari-kwari yana jan fitilarsa, don ya lura manoma ba su ɗauki kukan na'ura a bakin komai ba, wutar da ta mutu a gaban idonsu ce kawai ke ratsa su. Ya sha tsiya kam. "Pak, gari ya waye fa! Ko hasken Allah bai ishe ka ba?" Sai ya ce, "Na sama ya ishe ni, na ƙasa nake dubawa."

A ƙasan kwarin da ya fi kowanne zurfi akwai wani ɗan masallaci na katako kusa da idon ruwa, inda manoma ke sallar azahar. Mahaifin Mbah Karsan, wato Kaka Karsan, ne ya gina shi, Mbah Karsan ɗin kuma, dattijon da ya haura tamanin, shi ke jan sallah. Wata shekara ƙasa ta ɗan girgiza, ta tsage a bayan masallacin, na'urar Pak Tumiran ta fara kuka a wurin. Ya kafa jan ƙyalle, aka tuge. Ya sake kafawa, aka ce ma'aikacin tasha ya zo hana mutane sallah. Wallahi maganar nan ta yi masa ciwo, har matarsa ta ce kwana biyu bai iya cin abinci ba.

Bu Lasmini, wato Malama Lasmini, 'yar Mbah Karsan, tana wurin ranar da shi da Pak Tumiran suka yi ta ta ƙare, ta kawo wa mahaifinta shayi da soyayyen rogo. Ta ce Pak Tumiran ya tare ƙofa ana shirin tayar da iƙama, ya rusunar da kai ya ce, "Mbah, a yi mini afuwa. A bar ni in nuna abu ɗaya."

Ya shiga a tsaye, fitila na ci. Ya sauke sandar a hankali kan tabarmar liman, daidai inda goshi ke sauka. Harshen wutar ya ƙanƙance, ya mutu murus.

Tsohon ko gezau bai yi ba. "To sai me, Tumiran? Ni da kwanana ya kusa ƙarewa? In Allah Ya ɗauki raina ina sujada a masallacin ubana, ai na gode. Ka san wata mutuwa da ta fi wannan?"

"Ban sani ba, Mbah. Amma in an ga kun daɗe ba ku ɗago ba, wani zai sunkuya ya ɗaga ku. Ga Lasmini nan, ita ce za ta riga kowa. In ita ma ta faɗi, ni ne na uku, don ba zan iya tsayawa kallo ba."

Mbah Karsan ya daɗe yana duban 'yarsa, sannan ya naɗe tabarmarsa ya ce, "A tafi tudu."

Ran Juma'ar da ta biyo aka yi gayya. Aka zura gora a ƙarƙashin masallacin, maza suka cicciɓe shi ɗungurungum suka haura da shi. Pak Tumiran na ɗauke da kusurwar da ta fi nauyi, tsohon na biye da su yana share hawaye. Mbah Karsan ya ƙara shekaru yana jan sallah a can, ya kuma rasu a kan shimfiɗarsa, jikoki kewaye da shi.

Kai ne, Pak Tumiran, mai fitila da rana tsaka. Ka yarda a kira ka mai hana sallah don masu sallah su koma gida da ƙafafunsu. Ba mu da wani gini da za mu nuna mu ce naka ne, sai dai mu shiga maƙabartar Watugeni mu duba: tun da ka kama aiki, babu kabari ko ɗaya da iskar nan ta haƙa.

Hawa da gangara sun cinye wa Pak Tumiran gwiwoyi. Yanzu in ka shiga masallacin tudu za ka same shi a ƙarshen sahu, zaune kan kujera, yana sujada da nuni, don goshinsa ba ya iya kaiwa ƙasa. Duk lokacin da na gan shi haka sai zuciyata ta karye.

Mun gode, Pak Tumiran, Allah Ya saka maka da Aljanna. Ku kuma samarin da kuka gaji na'urarsa, sandar tana nan jingine a bayan ƙofar masallaci, Bu Lasmini tana zuba wa fitilar mai. Gobe da safe wani ya ɗauka ya gangara.